Zaizayar Ƙashi: Dokokin Abuja Da Ƙugun Tsohuwa A Ƙauye

Da wuya a sami ɗan Arewa mazaunin Kurmi, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, wanda bai taɓa ganin an bugo wa wani maƙwabcinsa waya daga gida an ce Inna ta zame a makewayi ta karye ba. Nan da nan sai a shiga haɗa kuɗi, 'yan'uwa da abokan sana'a kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a aika gida a ce a kira mai ɗori. Bayan wata biyu ko uku sai labari ya zo cewa har yanzu ba ta taka ba, daga nan kuma sai a ji an yi rasuwa.

Jama'a kan ce tsautsayi ne da tsufa. Amma likitoci sun daɗe da gane cewa yawancin irin wannan karaya wata cuta ce ke jawo ta, wadda suke kira ostiyoforosis, watau zaizayar ƙashi. Har an keɓe mata ranar 20 ga watan Oktoba ta kowace shekara domin faɗakarwa a duniya. Abin tambaya shi ne, me hukumomin da ke Abuja suka tanadar wa tsofaffin ƙasar nan game da ita, kuma me ya rage a wuyan 'ya'yansu da ke nesa da gida?

Mece ce cutar?

Ƙashin ɗan Adam abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Daga yarinta har zuwa wajen shekara 30, ginin ya fi rushewar yawa, shi ya sa ƙashi ke ƙara ƙwari. Daga nan sai al'amarin ya fara juyawa a hankali. Idan rushewar ta yi yawa, sai cikin ƙashin ya zama kamar azarar da gara ta cinye: daga waje lafiya lau, amma nauyi kaɗan zai karya ta.

Muguntar cutar ita ce ba ta ciwo tun da fari. Ta bambanta da amosanin gaɓɓai da abin da ake kira sanyin ƙashi, waɗanda ke sa gwiwa da kafaɗa ciwo. Ita sai an karye ake sanin tana nan. Wurare uku ta fi karyawa: wuyan hannu, da ƙashin baya, da kan ƙashin cinya inda ya haɗu da ƙugu. Tsohuwar da aka ga tsawonta na raguwa, bayanta na rankwafawa, sau da yawa ƙasusuwan bayanta ne suka lotse ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta faɗi ba.

Gidauniyar duniya mai yaƙi da wannan cuta ta ƙiyasta cewa cikin mata uku da suka haura shekara 50, ɗaya za ta karye saboda ita, cikin maza biyar kuma ɗaya. Karayar ƙugu ita ce mafi haɗari, domin ko a ƙasashen da ke da asibitoci masu kyau, kimanin mutum ɗaya cikin biyar kan rasu kafin shekara ta zagayo.

Su wa ta fi kamawa?

Mata ne kan gaba. Dalili kuwa, idan mace ta daina jinin al'ada, wajen shekara 50, wani sinadari da ke kare ƙashinta mai suna istirojin yakan ragu ƙwarai, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa da sauri na wasu shekaru. Sauran waɗanda ke cikin haɗari su ne ramammu, da masu shan taba, da masu shan giya da yawa, da waɗanda mahaifiyarsu ko mahaifinsu ya taɓa karyewa a ƙugu, da waɗanda ke zaune wuri ɗaya ba motsi.

A da an ɗauka cewa wannan cutar Turawa ce, ba ta kama baƙar fata. Gaskiya ne ƙashin baƙar fata ya fi ƙwari a ƙiyasi, amma binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Gambiya a 'yan shekarun nan ya nuna tsofaffin Afirka ma suna karyewa, kuma adadin zai ƙaru saboda masu kaiwa tsufa suna ƙaruwa.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi Arewa musamman. Na farko abinci. Ƙashi da sinadarin kalsiyam ake gina shi, kuma babban mutum na buƙatar wajen miligiram 1,000 a rana. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a Amurka a shekarar 1999, ya gano cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ba su samun fiye da wajen miligiram 200 a rana, kuma da aka ba su kalsiyam sai ƙashinsu ya gyaru. Yarinyar da ta tashi a kan tuwo da koko zalla, da ƙaramin jari za ta shiga tsufa.

Na biyu shi ne magungunan da ake saye a kemis ba da izinin likita ba. Ƙwayoyi irin su firedinisolon da deksametason, waɗanda tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa, wasu mata kuma ke sha don ƙiba har ana yi musu laƙabi da sha-ka-fashe, suna cikin manyan masu cinye ƙashi idan aka yi watanni ana shan su.

Abin da aka zartar a Abuja

In dai batun doka ne, Abuja ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. A wannan birni ne shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a watan Afrilu na 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman don kula da lafiya a matakin farko. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a Abuja a 2021. A watan Mayu na 2022 kuma ya sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu don masu rauni, ciki har da tsofaffi.

To, amma doka daban, aiki daban. Cikin shekaru fiye da 20 da suka biyo bayan alkawarin 2001, kasafin lafiya na Gwamnatin Tarayya ya fi tsayawa a wajen kashi 4 zuwa 6 cikin 100. Ya zuwa 2024, masu inshorar lafiya ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen magani a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa. Faɗuwar darajar Naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara wa magungunan da ake shigowa da su tsada. Ma'anar wannan duka ita ce, inshorar tsohuwar da ke ƙauye ita ce ɗanta mai sayar da tumatir a Mile 12 ko mai gadi a Ikoyi.

Akwai kuma matsalar gano cutar. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin gane ta da wata na'ura mai suna Deksa, wadda ke auna ƙwarin ƙashi cikin 'yan mintoci ba tare da ciwo ba. Wannan na'ura ba ta da yawa a Nijeriya, sai a 'yan wurare a manyan birane. Abuja tana da Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jabi, inda ake samun likitocin ƙashi. Amma tsohon da ke Zuba ko Kwali ko Abaji ba ya zuwa can sai ya riga ya karye, balle wanda ke ƙauyen Katsina ko Sakkwato.

Magani akwai

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne cutar tana da magani, kuma wasu magungunan ba sababbi ba ne. Akwai ƙwayar alendironet da aka fara amfani da ita tun 1995, ana shan ta sau ɗaya a mako da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30, don kada ta ƙona maƙogwaro. Akwai zoledironet da ake sawa ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. Akwai allurar denosumab ta wata shida-shida, wadda ba a tsayar da ita kwatsam sai da shawarar likita. Tare da su akan ba da kalsiyam da bitamin D ga wanda bai samu isasshe. Likita ne zai zaɓa, domin mai ciwon ƙoda, alal misali, ba kowanne ne ya dace da shi ba, kuma akan sake duba lamarin bayan shekara uku zuwa biyar.

Abin lura a nan, ba lalle sai an sami na'urar Deksa ba. Duk wanda ya haura 50 ya karye a ƙugu ko a baya saboda 'yar faɗuwa daga tsaye, wannan kaɗai ya isa likita ya yi tunanin fara magani. Karaya ta farko gargaɗi ce, domin wanda ya karye sau ɗaya haɗarin ya sake karyewa ya kusa ninkawa. A birnin Gilasgo na Birtaniya, tun 1999 aka fito da tsarin sa ma'aikacin jinya guda ya riƙa bin duk tsohon da aka kawo da karaya, a bincika ƙashinsa a ɗora shi kan magani kafin ya sake faɗuwa. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan tsari, kuma ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. Babu abin da zai hana manyan asibitocin Abuja su zama abin koyi a kai.

Mai ɗori da asibiti

Masu ɗori suna da daraja a ƙasar Hausa, suna kusa da jama'a, kuma ba su tsawwala kuɗi. Amma karayar ƙugu ta tsoho ba ta kara da tsumma ba ce, domin wurin yana can ciki, kuma sau da yawa jini ba ya isa kan ƙashin da ya karye. Likitoci sun fi son a yi aiki cikin kwana biyu, a sa ƙarfe, a tayar da majinyaci ya fara takawa. Doguwar kwanciya ita ke kisa: gyambon baya, ciwon huhu, da daskarewar jini a jijiya. Ɗaurin da ya yi tsauri a hannu ko ƙafa kuma yakan tsayar da jini har a kai ga yankewa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da na Igbobi a Ikko, da na Inugu, duk don irin wannan aka kafa su. Waɗanda suka ɗauko iyayensu suka kawo Kurmi kuma su sani cewa Asibitin Koyarwa na Badun yana da cibiyar kula da tsofaffi tun 2012.

Abin da ke hannun mazauna Kurmi

Gwamnati tana da nata aikin: ta cika alkawarin 2001, ta sa kuɗi a asusun masu rauni, ta tabbatar maganin ƙashi yana cikin abin da inshora ke biya, ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa auna tsawon tsofaffi suna tambayarsu ko sun taɓa faɗuwa, ta kuma tsananta wa masu sayar da ƙwayoyi barkatai. Amma ƙashin tsohuwa ba zai jira kasafin kuɗi ba.

Mai aika kuɗin cefane gida duk wata yana iya cewa a ware wani abu don nono da kindirmo, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da miyar kuka da zogale da riɗi da tamba, duk suna da kalsiyam. 'Yan mata masu tasowa da masu shayarwa su ma a ba su, don tun ran gini ran zane. Tsohuwa ta riƙa fitowa tsakar gida tana shan hantsi, domin rana ce ke sa fata ta yi bitamin D. Kada a hana ta 'yar tafiya da ƙananan ayyuka da sunan hutar da ita, gama ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi lalacewa yake yi.

Wanda ya je gida da Salla ya zagaya ya duba da idonsa. Makewayi yana da santsi? Akwai fitila a hanyarsa da dare? Dokin ƙofa ya yi tsawo? Tana gani sosai, ko yanar ido ta fara rufe ta? Akwai sanda? Ya kuma buɗe ledar magungunanta ya kai wa likita ko ma'aikacin lafiya ya duba. Ya tambayi ofishin inshorar lafiya na jiharsu yadda ake yi wa tsofaffi rajista, domin jihohi da Babban Birnin Tarayya suna da nasu tsarin.

Shugabannin al'umma a zango-zango, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, sun saba tara gudummawa idan an karye ko an rasu. Lokaci ya yi da za su riƙa tunatar da jama'arsu cewa kuɗin gyara makewayi da sayen sanda da kai tsohuwa asibiti bayan karayar wuyan hannu bai kai kaso kaɗan na kuɗin aikin ƙugu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.