Wa Ya Gaji, Majinyacin Ko Masu Jinya?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai a yi mini haƙuri.

Mu marubuta kisa ba ya yi mana wuya. In jarumi ya ishe ni a tsakiyar littafi, sai in ɗora shi a mota hanyar Zariya, shafi ɗaya na gama da shi, in bar budurwarsa tana kuka babi biyu. Ban san nauyin abin ba sai da na yi wata bakwai ina jinyar Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, tana fama da ciwon dajin mama. Tun daga nan, duk inda na ji ana zancen dokar da ta ba likita damar ƙarasa majinyaci, sai na kasa kunne.

Ga wanda bai sani ba, abin ba tatsuniya ba ne. A ƙasar Holan, tun 2002 doka ta yarda likita ya yi wa mutum allurar mutuwa, muddin shi ya roƙa yana cikin hankalinsa, azabar ta fi ƙarfinsa, babu alamar sauƙi, kuma likita na biyu ya duba. Beljiyam ta bi sahu a wannan shekarar, a 2014 ma ta buɗe ƙofar har ga yara. Kanada ta shiga a 2016, a 2021 ta faɗaɗa dokar ta haɗa da wanda ciwonsa bai kai gargara ba. A 2023 sama da mutum 15,000 ne suka mutu ta wannan hanya a Kanada, kusan ɗaya cikin kowane ashirin da suka rasu a shekarar.

Ba zan ce masu goyon bayan abin mugaye ba ne. Wanda ya taɓa kwana gefen gadon mai ciwon daji, ya ji nishin ƙarfe ukun dare, ya san dalilin da zai sa mutum ya roƙi a kawo ƙarshensa. Hujjarsu ita ce rai na mai shi ne, zaɓi ma nasa ne.

To a kan zaɓin nan nake da magana. Wata rana Gwaggo ta kama hannuna ta ce, “Ke 'yar nan, ku ƙyale ni haka, ku bar ni in huta.” Da a Holan muke, wannan maganar ce za a soma rubutawa a takarda. Amma ni na san abin da ya faru da safiyar ranar. Ta jiyo yayyena a tsakar gida suna shawarar sayar da gonar gado don a biya kuɗin gashi. Ciwon bai ƙaru ranar ba, kunnenta ne ya ji abin da bai kamata ya ji ba. Tsohuwa mai kunya da kara, wadda ko ruwa ba ta iya cewa a miƙo mata sau biyu, ina za ta iya kallon 'ya'yan ɗan'uwanta suna tsiyacewa saboda ita?

Kada a ce wannan halin namu ne kaɗai. Jihar Oregon ta Amurka, wadda tun 1997 likita ke rubuta wa mai gargara maganin ya sha da hannunsa, tana fitar da rahoto duk shekara a kan dalilan masu nema. Zafin ciwo ba shi ne a gaba ba. Abin da suka fi faɗa shi ne sun daina iya yi wa kansu komai, kuma da yawansu suna ambaton tsoron zame wa iyali kaya. A Kanada kuwa, a 2022 wata tsohuwar soja mai keken guragu, Christine Gauthier, ta shaida wa kwamitin majalisa cewa ta yi shekaru tana neman a sa mata na'urar hawa matakala a gidanta, sai wani ma'aikaci ya yi mata tayin taimakon mutuwa. Jama'a, in allura ta fi jinya araha, wa kuke zato za a riƙa nuna wa ƙofar?

Mu Musulmi hukuncin a fili yake, Alƙur'ani ya hana mutum kashe kansa, rai kuma amana ne. Sai dai mukan haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Sa hannu a kashe daban, barin wahalar da gawa daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yarda a cire na'urar numfashi idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya ba dawowa.

Kuma kafin mu cika baki muna zagin Turawa, mu dubi namu. Sau nawa ake cewa “a mai da shi gida a ci gaba da addu'a”, alhali kowa ya san kuɗi ne suka ƙare? A kai mutum ɗakin baya, a ba shi farasitamol a kan ciwon da sai mofin ke kwantar da shi. Mu mun yi kwana tara muna yawon neman mofin ɗin nan, asibiti su ce babu, kyamis su ce ba su da izinin sayarwa. Kwana taran nan su ne har yau ba na son tunawa.

Ranar da aka samu, Gwaggo ta yi barci tun daga la'asar har asuba. Gonar ba a sayar ba, 'yan kunnena da na matar yayana aka kai kasuwa, muka ce mata wani bawan Allah ne ya biya. Da ta farka ta ce a dama mata kunun tsamiya, ta kuma tambayi ko an ɗaure akuyarta. Ta ƙara wata biyu da kwana goma sha ɗaya, ta ga sunan jikarta, kuma ban sake jin ta ce a ƙyale ta ba.

Allah ya jiƙanta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.