Sharhi: Hutun Ons Jabeur da giɓin da ya bayyana a wasan tanis na Afirka

A watan Yulin 2025, shahararriyar 'yar wasan tanis ta ƙasar Tunisiya, Ons Jabeur, ta sanar da cewa za ta jingine wasa na wani lokaci. Ta ce ta shafe shekaru biyu tana matsa wa kanta tana fama da raunuka, kuma ta daɗe ba ta samun farin ciki idan ta shiga fili.

Sanarwar ta zo ne makonni kaɗan bayan ta kasa kammala wasanta na zagayen farko a gasar Wimbledon da ke Landan saboda matsalar numfashi. A watan Nuwamba na shekarar kuma ta bayyana cewa tana ɗauke da juna biyu.

Wannan hutu haƙƙinta ne. Sai dai ya tono wata tambaya da nasarorinta suka daɗe suna rufewa: idan Jabeur ba ta fili, wa Afirka take da shi a sahun gaba na wasan tanis na mata?

An haifi Jabeur a ranar 28 ga Agustan 1994 a garin Ksar Hellal, ta kuma tashi a Sousse da ke gaɓar teku. Mahaifiyarta ce ta fara kai ta filin wasa tana da shekara uku, kuma a filayen otal-otal na 'yan yawon buɗe ido ta yi yawancin atisayenta na ƙuruciya. Tana da shekara 12 ta koma birnin Tunis, inda ta shiga makarantar wasanni ta El Menzah.

A 2011 ta lashe gasar Roland Garros ta matasa a Faransa. Duk da haka, sai da ta shafe shekaru shida kafin ta shiga jerin 'yan wasa 100 mafiya ƙwarewa a duniya, a 2017.

Waɗannan shekaru shida su ne suka fi nuna yadda sana'ar take. Ɗan wasan tanis ba shi da ƙungiyar da ke biyansa albashi kamar ɗan ƙwallon ƙafa. Shi zai biya mai horarwa, shi zai biya kuɗin jirgi da masauki da magani, daga abin da ya ci a gasa. A ƙananan gasanni kuwa, kuɗin da ake samu sau da yawa ba ya mayar da na tafiya. Tunda mafi yawan gasannin da ke ba da maki mai tsoka a Turai da Amurka da Asiya ake yin su, ɗan Afirka yana ƙara ɗaukar nauyin biza da doguwar tafiya kafin ma ya buga ƙwallo ɗaya.

A 2017 Jabeur ta samu tallafin kuɗi daga asusun da manyan gasanni huɗu na Grand Slam suka ware domin 'yan wasa masu tasowa, kuma a shekarar ta kai zagaye na uku a Roland Garros. Daga nan tauraruwarta ta fara haskawa.

A 2020 ta kai zagayen 'yan takwas na ƙarshe a gasar Ostareliya. A 2021 ta ɗauki kofin Birmingham, ta zama Balarabiya ta farko da ta ci gasar hukumar wasan tanis ta mata, WTA. A 2022 ta lashe gasar Madrid, ta kuma hau matsayi na biyu a duniya. Jimillar kofunanta biyar, ciki har da na Berlin da Charleston da Ningbo.

Sau uku tana kai wa wasan ƙarshe a Grand Slam, sau uku kofin yana kuɓuce mata: a hannun Elena Rybakina a Wimbledon ta 2022, da Iga Swiatek a gasar Amurka ta shekarar, sai Marketa Vondrousova a Wimbledon ta 2023. Kafin ita, rabon da wata mace daga Afirka ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon tun Sandra Reynolds ta Afirka ta Kudu a 1960.

Masu auna ta da kofin da ba ta ɗauka ba suna mantawa da nauyin da ta shiga fili da shi. Abokan karawarta sun fito ne daga ƙasashen da ke da 'yan wasa da dama, ita kuwa tana ɗauke da fatan Tunisiya da na Larabawa da na Afirka baki ɗaya. 'Yan ƙasarta sun yi mata laƙabi da "Ministar Farin Ciki", sai ga shi rashin farin cikin ne ta ambata a ranar da ta ja da baya.

Tsarin wasan ma ba ya sassauta wa jiki. Kakar wasa tana farawa a Janairu ta kai Nuwamba, makin da aka samu kuma yana zubewa bayan mako 52. Wanda ya tsaya jinya, matsayinsa zai faɗi, shi ya sa 'yan wasa da yawa ke shiga fili da rauni. Ita kanta Jabeur ciwon kafaɗa ne ya tilasta mata yanke kakar 2024 a watan Satumba.

Ƙofar dawowa dai a buɗe take. A watan Maris na 2025, WTA ta ƙaddamar da shirin hutun haihuwa da biyan kuɗi har na wata 12. Kim Clijsters ta lashe gasar Amurka a 2009 bayan ta haihu, kuma Tatjana Maria, ƙawar Jabeur wadda ta doke a wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon ta 2022, tana da 'ya'ya biyu a lokacin.

Abin da ya fi dawowarta muhimmanci shi ne abin da ke bayanta. Mayar Sherif ta Masar ta ci gasar Parma a 2022, Angella Okutoyi ta Kenya kuma ta ɗauki kofin matasa na 'yan bibbiyu a Wimbledon a shekarar. Tunisiya ta fara karɓar baƙuncin gasar WTA a Monastir a 2022, Maroko kuma tana da tata a Rabat. Ci gaba ne, amma sunayen ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba.

Najeriya ta taɓa ganin irin wannan. Nduka Odizor, ɗan Legas da ya goge a Jami'ar Houston ta Amurka, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ya kuma hau matsayi na 52 a duniya a 1984. Fiye da shekaru 40 bayan haka, sunansa ne har yanzu ake kafa misali da shi, domin ba a gina tsarin da zai samar da magadansa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihin Jabeur ya nuna abubuwan da suka taimake ta: fili kusa da gida, makarantar wasanni ta gwamnati, da tallafi a daidai lokacin da matashi ke ƙoƙarin tsallakawa zuwa sahun ƙwararru. Idan hukumomin wasanni da 'yan kasuwa na nahiyar suka samar da waɗannan, tare da ƙara yawan gasanni masu ba da maki a cikin Afirka, hutun 'yar wasa ɗaya ba zai sake barin nahiya guda ba wakilci ba.