Biza ba ta san wankan jego ba

A wannan mako za mu tattauna wani al'amari da ya fara zama ruwan dare a gidajen Damargu, tun daga Tanut har Belbeji, wato na tsofaffinmu da ke zuwa ƙasashen waje ziyarar ƴaƴansu, kwanakin biza su ƙare, a rasa wanda zai buɗa baki ya ce musu lokacin komawa ya yi.

Wani abokina malamin makaranta a Tanut ne ya ba ni labarin mahaifiyarsa, ƴar Gangara. A shekarar 2019 ta tafi birnin Liyon na ƙasar Faransa domin ƙanwarsa za ta yi haihuwar fari, kuma kowa ya san a al'adarmu uwa ce ke tsayawa kan wankan jego har a yi arba'in. An ba tsohuwa biza ta kwana 30. Haihuwa ba ta zo ba sai a kwana na 12 da saukarta. Duk mai lissafi zai ga cewa arba'in ba za ta cika ba sai a kwana na 52. Mijin yarinyar ya ga haka sarai, amma yaya suruki zai dubi surukarsa, wadda ko ido ba ya haɗawa da ita, ya ce mata ta ɗaure kaya? Ɗiyar kuma tana kwance, ba ta son rabuwa da uwarta. Kowa ya yi shiru. Tsohuwa ta cika arba'in, ta fito da rarar kwana 22 a kanta. Da aka sake haihuwa a 2022 ta nemi biza, sai aka hana ta bisa shakkar ko za ta komo kan lokaci. Har yau ba ta ɗauki jikanta na biyu a hannu ba.

Kunya ado ce, ba mai musu. Kakanninmu na Damargu sun saba da baƙunci mai tsawo: ayarin da ya taso daga Kano za shi Agadas yakan yada zango a Jajiduna ba a tambaye shi ranar tashi ba, alhazan dauri kuma sukan yi shekaru a hanyar Makka ta Cadi da Sudan. Sai dai zamanin nan na takarda ne, ita kuwa takarda ba ta da suruki.

Ga yadda dokar take. Bizar ziyara ta ƙasashen Shengen, waɗanda yanzu sun kai 29 har da Faransa, ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. A jikin bizar akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai ranakun da aka rubuta «du» da «au», wato tsakanin da aka yarda mutum ya shiga ya fita, akwai kuma «durée de séjour», wato yawan kwanakin da zai zauna. Ana iya ba mutum biza mai wata uku amma kwanakin zamansa 30 ne kacal. Wanda ya dubi na farko ya manta na biyu, ya faɗa rami da idonsa buɗe.

Shin ana iya ƙara wa'adi? Ana iyawa, amma ƙofar ƙarama ce. Aya ta 33 ta dokar biza ta Tarayyar Turai, ta shekarar 2009, ta kasa abin gida biyu. In larura ce da ta fi ƙarfin mutum, kamar rashin lafiyar da ta hana shi hawa jirgi ko tsayawar jiragen kansu, ana ƙara masa kyauta. In kuwa wani dalili ne mai nauyi na kansa, sai ya biya yuro 30, kusan jika 20 ke nan, kuma hukuma na da ikon karɓa ko ƙi. A Faransa ofishin parfe na jihar da baƙon ya sauka ne ke duba wannan buƙata, kuma dole a kai ta tun biza na da rai, tare da fasfo, da takardar likita, da shaidar abin da za a ci, da inshorar lafiya da ta rufe ƙarin kwanakin. Haihuwar da aka san da zuwanta tun watanni ba a cika lissafa ta cikin larurar ba-zata ba, balle wankan jego da Bature bai san shi ba.

Saboda haka gyara tun daga gida yake. Mai gayyatar uwarsa ya nemi kwana 60 ko 90 tun farko. Takardar masauki da yake karɓowa a ofishin magajin gari, wato «attestation d'accueil», ta ɗauki dukan kwanakin, haka ma inshorar, wadda doka ta ce kada ta gaza yuro 30.000. Kuɗin biza ya koma yuro 90 tun watan Yuni na 2024, kimanin jika 59, kuma ba a mayar da su in an hana. Ga shi Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairu na 2024, abin da ya sa neman bizarta ya haɗa da tafiya wata ƙasa. Abin da aka samu da wannan wahala bai kamata a ɓata shi da sakacin mako uku ba. Kada kuma wani ya dogara da cewa ɗan sandan iyaka ba zai lura ba, domin tun 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar zanen yatsu da hoton fuskar baƙi, na'ura ce ke ƙidayar kwanaki.

Ƴan kasuwarmu da ke kai iyaye umara su ma su yi hattara. A 2025 Saudiyya ta sa ranar 29 ga Afrilu ta zama ranar ƙarshe ta fitar masu umara kafin aikin hajji, ta kuma yi gargaɗin tarar da ke iya kai riyal 50.000, da ɗauri har na wata shida, da kora, ga wanda ya zarce bizarsa. Tsohon da aka ce ya lafe a gidan ɗansa ya jira Arfa, an jefa shi cikin hatsarin da bai san girmansa ba.

Saura tambaya ɗaya: wa zai faɗa wa tsohuwa? Shawarata ita ce a yi maganar a tsakar gida kafin ta shiga motar Damagaram, a gaban ƙanenta ko babban ɗanta, a ɗaura ranar komawa da abin da ta sani, a ce mata kafin azumi, ko kafin ruwan shuka. In ranar ta zo, ba suruki ne ya kore ta ba, alkawarin gida ne ya kira ta. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya tashi kan lokaci shi ake sake buɗe wa ƙofa.

Allah shi ba mu ikon kyautata wa iyaye. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.