Kira Ga Makiyaya Da Fataken Shanu: A Yi Hattara Da Ɓarayin Waya

Shugabanninmu sarakunan Fulani da sarakunan zango, da alhazanmu fataken shanu, da dillalai, da 'yan'uwanmu makiyaya da ke rugage daga Bolga zuwa Bawku, daga Yendi zuwa Salaga, muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar yau ta shafi aljihun kowa.

Jama'a, ɓarawon shanu da muka sani a da sai ya yi tafiyar dare, ya sha raɓa, ya bar sawu a ƙasa, gari ya waye mu bi shi. To yanzu an sami wani sabon ɓarawo wanda ba ya taka ruga ba ya shiga kara. Yana zaune cikin ɗaki a wani gari da ba mu sani ba, da waya a hannunsa, kafin a sha shayi ya kwashe kuɗin sa uku. Ra'ayinmu a ƙungiyance shi ne wannan ɓarawo ba ƙarfi ya fi mu ba. Ƙofofi uku muke buɗe masa da hannunmu, wato sauri da kwaɗayi da kunya, sai kuma ta huɗu wadda hukuma ce ta bar ta a buɗe.

Bari mu fara da dalilin da ya kai mu ga waya. Tun da kamfanin MTN ya kawo MoMo ƙasar Gana a 2009, sannan a 2018 aka haɗa layuka ta yadda kuɗi ke tsallakawa daga wannan kamfani zuwa wancan, fatake suka sami sauƙi. A da mutum ya sayar da shanu a Kumasi ko a Tulaku ta Ashaiman, sai ya ɗaura kuɗi a ƙugu ya hau mota, zuciyarsa na bugawa tun daga Kintampo har Walewale sabo da 'yan fashi. Tun da rikicin Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2021 kuwa, tafiya da tsabar kuɗi a wannan yanki ta ƙara zama kasada. Sabo da haka ba mu cewa kowa ya jefar da wayarsa. Alherinta a fili yake. Abin da muke cewa shi ne mun karɓi sabon kaya ba mu karɓi igiyar ɗaure shi ba.

Ku tuna da yadda kakanninmu suka yi fatauci. Lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ɗaukar goro, kafin yaƙin 1892 ya watsa garin, falke ba ya sauka ko'ina sai gidan maigidansa. Maigida ne ke nemo mai saye, shi ke tsaya wa bashi, dillali na shaida, a tafa hannu a gaban jama'a. Haka kasuwar shanu ta Kumasi ta gada: mahauci ya ɗauki sa bashi domin maigida ya san shi, ya san gidansa. Cinikinmu duk a kan fuska da shaida da lamuni aka gina shi. Waya ta zo ta cire fuska, mu kuma muka bar shaida ta bi ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga hanyoyin da suka fi bi, kowa ya riƙe su da kyau.

Ta farko ita ce saƙon ƙarya. Sai ka ga saƙo ya shigo mai kama da na kamfani, wai an turo maka kuɗi. Nan take wani ya kira yana marairaicewa, wai kuɗin maganin uwarsa ne ya yi kuskuren lamba, don Allah ka mayar masa. Kai kuma mai tsoron haƙƙin mutane sai ka tura, ashe ko kwabo bai shigo ba, daga cikin naka ka ba shi. Irin wannan saƙo daga lambar mutum yake fitowa, ba daga sunan kamfani ba. Maganinsa shi ne ka kashe kiran, ka buga *170# da hannunka idan layin MTN ne, ko lambar kamfaninka idan Telecel ne ko AT, ka duba abin da ke cikin asusunka. In ma da gaske an yi kuskure, ka ce masa ya kira kamfani a 100 su warware da kansu.

Ta biyu ita ce ta ranar kasuwa, kuma ita ta fi cin fatake. Mai saye ya taya, an sallama, sai ya nuna maka wayarsa da hoton shaidar biya, ya ce kamfani ne ke jinkiri, kuɗi na hanya, ga direba yana gaggawa. Kafin ka farga an loda shanu mota ta tashi. Hoto ba kuɗi ba ne, yaro ma yana iya ƙirƙira shi. Akwai kuma rikicin lissafi. Tun da aka canja kuɗi a watan Yuli na 2007, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, har yau da yawanmu da tsohon lissafi muke ciniki. An yi ciniki a kan miliyan 100, wato sidi 10,000, sai a turo sidi 1,000. Wanda bai saba ƙirga sifiri ba ya ga lambobi sun yi jere, ya saki igiya.

Ta uku ita ce ta masu cewa daga ofis suke. Wani zai kira da murya mai daɗi, wani lokaci da Hausa ko Fulatanci, har ya ambaci sunanka, ya ce ka ci gasa, ko za a rufe layinka, ko za a mayar maka da wani haraji. Daga nan wani abu ya fito a fuskar wayarka yana neman lambar sirri, shi kuma yana cewa danna maza. Jama'a, ku riƙe wannan ƙa'ida guda: karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirri. Duk sa'ad da aka ce ka sa lambar sirri a kan abin da ba kai ka fara bugawa ba, to kuɗi ne zai fita. Ganin sunanka kuma ba hujja ba ce, domin duk wanda ya yi kamar zai turo maka kuɗi yana ganin sunan da ke kan layin. Harajin E-Levy da aka kawo a 2022 an soke shi a watan Afrilu na 2025, sabo da haka kada wani ya ruɗe ka da sunansa.

Ta huɗu ita ce ta tsoratarwa. A kira uba a ce ɗansa na asibiti, ko an kama yaronsa shanu sun shiga gona, ko an tsare motar shanunsa a shinge, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Sun san halin da muke ciki, sun san makiyayi na jin an ambaci gona da 'yan sanda hankalinsa ke tashi. Wasu kuma su sace WhatsApp na wani babban alhaji ta hanyar roƙonsa lambobi shida da aka turo masa, sannan su bi abokansa ɗaya bayan ɗaya suna neman rance da sunansa. Kafin ka tura ko sidi ɗaya, kira mutumin da kansa a lambar da ka sani, ko ka kira maƙwabcinsa, ko ardon wurin. Sauri ya haifi nawa.

Ta biyar ita ce ta kwaɗayi. Ana tallar dusa da ƙulin auduga da maganin dabbobi da shanun madara a Facebook da araha mai ban mamaki, a ce ka ba da kafin alƙalami a kawo maka har gida. Ka biya, lamba ta mutu. Babbar yayarta kuma ita ce ajiya mai haihuwa. Mutanen Bolga ba su manta da DKM ba, wanda Babban Bankin Gana ya dakatar a 2015 bayan jama'a sun zuba masa dukiya don ribar da hankali ba ya ɗauka. Ba a gama kukan wannan ba sai ga Menzgold a 2018. A Nijeriya an ga MMM a 2016, an kuma ga CBEX a 2025. Suna ne kawai ke canjawa, dabara ɗaya ce: a biya na farko da kuɗin na baya, ranar da sababbi suka daina zuwa a rufe ƙofa. Mu da muka san saniya sai ta yi wata tara kafin ta ba da maraƙi guda, yaya za a ce mana kuɗi na ninkuwa cikin wata biyu mu yarda? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce ai wannan cutar marasa boko ce. Ba haka ba ne. Rahoton Babban Bankin Gana ya nuna an kai ƙarar zamba ta hanyar kuɗin waya sama da 12,000 a shekarar 2022 kaɗai, kuma cikin waɗanda ake cuta har da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati. Bambancinmu da su shi ne su suna kai ƙara, mu muna shiru. Bafulatani zai gwammace ya haɗiye asarar sa biyu da a ce an yi masa wayo a gaban surukansa. Kunya ado ce a wurin da ya dace, amma a nan abincin ɓarawo ce, domin lambar da ta cuce ka ranar kasuwar Bolga ita za ta cuci ɗan'uwanka a Yendi kafin mako ya zagayo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Yanzu sai ƙofa ta huɗu, wadda ba laifinmu ba ce. Daga watan Oktoba na 2021 gwamnati ta ce kowane layi sai an yi masa rajista da Ghana Card. Dalilin mai kyau ne, domin a san mai kowace lamba. Amma sanin kowa ne makiyaya da yawa, waɗanda aka haife su a nan aka haifi iyayensu a nan, sun sha wuya wajen samun wannan kati, ana ganin fuskarsu da sunansu a ce baƙi ne. Me ya biyo baya? Mutum ya roƙi wani ya yi masa rajistar layi da sunansa. Ke nan kuɗin garkensa duka yana kwance a ƙarƙashin sunan wani. Ranar da waya ta ɓata ko aka saɓa, mai sunan ne kamfani ya sani, shi zai iya karɓo sabon layi, kai kuwa ba ka da bakin magana. Hana ɗan ƙasa katinsa tura shi ne hannun macuta. Muna kira ga hukumar NIA da ta riƙa kai rajista kasuwannin shanu, ta saurari shaidar sarakuna da dangi kamar yadda doka ta tanada ga wanda ba shi da takardar haihuwa.

Kamfanonin waya su ma da sauran aiki a gabansu. Gargaɗin da suke turowa da Turanci yake zuwa, a rubuce, ga mutanen da yawancinsu ajami suka iya ko kunne suka dogara da shi. Muna roƙonsu su sa gargaɗin da murya cikin Hausa da Fulatanci da Dagbanci da Kusasanci da Farafaranci, su saya masa lokaci a URA Radio ta Bolga da Radio Savannah ta Tamale, kuma su ajiye ma'aikacinsu a manyan karori ranar kasuwa. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta kafa hukuma musamman domin wannan aiki, kuma ana samunta ta kira ko saƙo a lamba 292. To amma lambar da makiyayi bai taɓa ji ba, ina amfaninta gare shi?

Kafin su motsa, ga abin da ke hannunmu, kuma muna so shugabannin kowace kara su mai da shi doka.

Kada dabba ta hau mota sai mai ita ya duba asusunsa da wayarsa, a gaban dillali da shaida guda wanda ya iya lissafi. A faɗi farashi da sabon sidi, a rubuta shi a takarda kafin a tura.

Lambar sirri kamar adadin garkenka ce, ba a faɗa wa kowa. Kada ka miƙa wa mai rumfar MoMo wayarka tare da lambar, ka bar shi ya danna sauran, kai ka juya baya ka sa taka. Kada ta zama shekarar haihuwarka ko lambobi a jere. Dattijon da ido ya yi wa rauni ya zaɓi ɗa guda amintacce, ba kowane yaro da ke wucewa ba.

Kada ka tara kuɗin fatauci duka a layin da kowa ya sani. Raba shi, wani a banki, wani a layin da ba ka bayarwa a kasuwa. Wayarka ta ɓata ko layinka ya mutu haka kawai, ka garzaya ofishin kamfani a ranar, kada ka ce sai kasuwa mai zuwa.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa maka, kada ka share saƙon. Kira 100 nan take, domin wani lokaci ana iya tsayar da kuɗin kafin a cire su, sannan ka kira 292, ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka sanar da sarkin kara a yi shela da lambar. Duk wanda ya yi wa wanda aka cuta dariya, shi ma ya taimaki ɓarawo.

'Yan'uwa, dukiyar nan da rana da ƙishirwa da ƙaya aka tara ta, shekara da shekaru ana bin gindin saniya. Bai kamata ta tafi a kiran minti biyu ba. Kakanninmu ba su sallama kaya sai da shaida, mu ma mu mai da shaida cikin cinikin waya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya shiryi masu wannan mugun aiki, in ba masu shiryuwa ba ne Ya tona asirinsu, amin.