Ku Bar Tsofaffinmu Su Taka Ƙasa

Yau ƙorafina a kanmu yake, mu 'ya'ya da jikoki mazauna Abidjan.

Baffana ya yi shekara arba'in yana bin shanu, rani da damina, ban taɓa jin ya ce wayyo ƙafata ba. Da furfura ta cika masa kai sai muka ce wahalar ta isa, muka kawo shi Adjamé, muka shimfiɗa masa buzu a ƙofar shago. In garba za a sayo, a aiki yaro. In masallacin Juma'a ne, a tsayar da woro-woro. Ya kai hannu ga buta, jika ya riga shi. Ga shayi mai sukari zubi uku, safe da yamma. Ba a rufa shekara biyu ba, mutumin da ke tsallake rafi da ɗan maraƙi a wuya sai an kama shi yake miƙewa daga tahiya. Muka haye gada muka kai shi asibiti a Treichville, aka ce hawan jini ne, sukari ma ya fara leƙowa. Likita ya tambaya, a rana tafiyar minti nawa yake yi? Wallahi kunya ta hana ni buɗa baki.

Mu a ganinmu girmamawa ce. To, ko sa aka turke wuri ɗaya ana ɗura masa dusa, kitse yake tarawa, ba ya moruwa a burtali. Zuciya tsoka ce, aiki ke ƙara mata ƙarfi. In mutum yana tafiya har numfashi ya ɗan hau, jini yakan sauka, naman jiki ya ƙone sukari, ƙafa ta riƙe shi kada ya faɗi a makewayi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 65 ma ya sami aƙalla minti 150 na irin wannan motsi a mako. Wato rabin awa, kwana biyar. Abin da makiyayi ke yi kafin hantsi ke nan.

Wani zai ce ina hanyar tafiya a Adjamé, ga gbaka, ga 'yan tebur sun cinye gefen titi, ga gumi. Gaskiya ne. Amma bayan sallar asuba Nangui Abrogoua bai gama cika ba, rana ba ta yi zafi ba. Ka riƙa masa sanda ku bi doguwar hanya zuwa gida. Wanda ƙirjinsa ke ciwo ko jiri ke ɗibarsa, a fara kai shi ga likita tukuna.

Baffa dai yanzu da ƙafa yake zuwa masallaci, maganinsa kuma bai bari ba. Jikan da ya yi gigin ɗaukar masa buta makon jiya, da ƙyar ya tsere wa sanda.