Zuwa ga masu gyaran jiki na ƙasar Zuru, kan maganar ruwan shinkafa

Ya ku iyayena da yayyena da ƙannena masu gyaran amare a Rikoto da Rafin Zuru da Dabai da Senchi, har zuwa Mahuta da Ribah da Dirin Daji. Sannunku da aiki, musamman yanzu da kaka ta yi, bukukuwa sun kankama, kowace mai gyara na da amarya ɗaya ko biyu a ɗaki.

Wata 'yar roba ce ta sa ni rubuto muku. Bara, ana saura wata guda bikin 'yar yayata, ta shigo da ita tana murna, ta ce haɗin ruwan shinkafa ne, babu sinadarin komai a ciki, wai mai gyaran har rantsuwa ta yi mata. Robar ba ta da suna, ba ta da lamba. Kafin kwana goma yarinyar ta yi fes, ranar kamu kowa na sambarka. Wata biyu da tarewa sai kumatunta suka yi jajir, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa, ƙuraje suka feso, gaɓoɓin yatsunta kuwa suka yi baƙi ƙirin. Idan ta kusanci murhu sai ta ji kamar an watsa mata barkono. Likitan da ya duba ta kallo ɗaya ya yi ya ce an zuba maganin tub a haɗin. Ba zan kama sunan wadda ta sayar mata ba, don ina kyautata zaton ita ma saro shi ta yi daga wani hannu, ba ta san abin da ke ciki ba. Amma tun daga ranar na ƙudura sai na yi magana da ku gaba ɗaya.

Maganar kuwa ita ce: ruwan shinkafa ba ya sa mutum fari. Duk haɗin da aka kira da sunansa, aka shafa, mace ta canja launi cikin mako biyu, to da lauje cikin naɗi.

Na san dalilin da ya sa zancen ya samu karɓuwa a wurinmu. Mu mutanen Kebbi ne, shinkafa tamu ce. A Birnin Kebbi marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Nuwamban 2015, bayan shekara guda kuma aka shiga sayar da shinkafarmu a Legas da sunan Lake Rice. Abin da ke cikin rumbunka, kake ci safe da dare, wa zai ji tsoronsa? Ga kuma 'yan mata suna ganin matan Koriya da Japan a waya, fata sumul, ana cewa sirrinsu ke nan. Gaskiya ne matan fadar Japan sun yi amfani da ruwan wankin shinkafa tun kimanin shekara dubu da suka wuce, haka matan ƙabilar Yao na ƙauyen Huangluo a Sin sun yi suna da shi. Sai dai a wuraren nan biyu gashi ake wankewa da shi, tsawon gashi kuma ake ba da labari. Hasken fatarsu da shi aka haife su.

Ku ba ni aron hankalinku kaɗan mu leƙa cikin fata. Launin mutum wani sinadari ne da ake kira melanin, waɗansu ƙwayoyin halitta ne ke sarrafa shi a can ƙasan fatar sama, suna raba wa maƙwabtansu. Abin mamaki, yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin baƙi da Bature. Bambancin shi ne namu sun fi himma. Melanin ɗin nan laima ce, shi ke tare zafin rana kada ya lalata fata. Shi ya sa zabiya, wanda jikinsa ba ya yin sa, ke shan wahalar rana, har ta kan kai shi ga ciwon dajin fata. To, kafin wani abu ya haskaka mutum, dole ya ratsa fata ya isa inda ake aikin, ya hana ƙwayoyin nan yin nasu. Ruwan shinkafa kuwa kusan dukkansa ruwa ne da sitaci, irin wanda mai wanki ke sa wa shadda. Ƙwayar sitaci ta yi girman da ba za ta ratsa fata ba. A sama take zama ta bushe, ta bar wani fari-fari kamar na ƙurar hunturu. Wannan farin ne mace ke gani a madubi ta ce ya fara aiki. Ta wanke fuska da ruwa, shi ke nan ya tafi.

Za ku ce to ai a shinkafa akwai abubuwa masu amfani. Akwai, amma yawancinsu a dusa suke, ita kuwa dusa injin casa ya riga ya kwashe ta tun kafin buhu ya iso kasuwar Zuru. Ɗan abin da ya rage, idan aka jiƙa, bai taka kara ya karya ba.

Akwai wani wuri guda da zancen ya haɗu da gaskiya, kuma ina ganin daga nan ruɗanin ya taso. A Japan suna da wata irin fumfuna da suke kira koji, da gangan suke shuka ta a kan turarriyar shinkafa don yin giyarsu da kayan miyarsu. A 1907 wani masani ɗan ƙasar ya gano wani sinadari da fumfunar ke fitarwa, shi ne kojik ɗin da kuke gani a rubuce a jikin sabulai. Shi kam yana rage sarrafa melanin, ko da yake a hankali, kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburi. Amma fumfunar ce ke yin sa, a ɗaki na musamman da ake auna zafinsa da laimarsa. Ruwan da aka bari a kwano bayan ƙofa kwana uku a zafin Afrilu na Zuru ba kojik yake zama ba. Tsami yake yi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, sannan a ɗauka a shafa wa fuskar da aka gama murzawa da dilka jiya.

Kada ku ɗauka na raina shi. A 2002 masu bincike a wata jami'a a Burasel ta ƙasar Beljiyam sun zuba sitacin shinkafa a ruwan wanka, mutanen da fatarsu ta lalace suna jiƙa jiki minti 15 sau biyu a rana, sai aka ga saurin warkewar fatar ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Har masu fama da bushewar fata da ƙaiƙayi sun samu sauƙi. Wannan shi ne aikinsa: sanyaya fata, rage raɗaɗi, sa ta laushi. Babu wani gwaji a jikin mutane da ya nuna ya mai da baƙa fara. Don haka idan kin yi wa amarya halawa fatarta ta yi zafi, ki kawo shi. Ki zubar da wankin farko, don a nan ƙura take, da ragowar maganin ƙwarin da wasu ke sa wa hatsi a ajiya. Ki sake zuba ruwa mai tsabta, ki bar shi rabin awa, ki tace, ki yi amfani da shi a ranar. Wanda ya kwana ki ba shuka. Kada ki matsa masa lemon tsami, kada ki zuba kanwa. Ruwan lemon tsami idan ya haɗu da rana ƙona fata yake, ita kuwa baƙar fata duk inda ta ƙone ko ta ji ciwo da baƙin tabo take ramawa. Mai neman haske sai ta tashi da dabbare-dabbare.

Na tabbata wata a cikinku za ta ce, “Hajiya, ni da idona na ga amarya ta yi haske a hannuna, kuma ban sa mata komai ba.” Na yarda da ke. Amma ki tuna me ya faru da ita. Yarinyar da ke zuwa gona ko makaranta ko kasuwa kullum, an zaunar da ita a ɗaki mako biyu ko uku, rana ba ta ganta ba. Kin murje mata matacciyar fata da dilka, kin shafe ta da mai, tana ci tana ƙoshi, tana barci. Ƙunar ranar da ta daɗe a jikinta ce ta saki, asalin launinta ya dawo. Aikinki ne da na inuwa. Idan kina son sanin iyakar inda za ta kai, ki ɗaga hannunta ki duba cikin damtsenta inda rana ba ta taɓawa. Wannan shi ne launin da Allah ya ba ta. Duk abin da ya wuce nan, magani ne ya kai ta.

Magungunan nan kuwa uku ne suka fi yawo a hannun masu haɗi. Na farko shi ne na tub, irin su kulobetasol da betametason. Maganin asibiti ne na gaske, likita kan rubuta shi don wasu cututtukan fata na 'yan kwanaki. Idan aka mai da shi man shafawa na kullum sai ya sirantar da fata, ya kawo nankarwa mai faɗi wadda ba ta ɓacewa, ya buɗe wa makero da ƙyasbi ƙofa, idan ya shiga jini da yawa har hawan jini da ciwon sukari yana jawowa. Ranar da mace ta zo haihuwa aka yi mata aiki, irin wannan fata wahalar riƙe zare take, ciwon ya daɗe bai warke ba. Na biyu haidirokwinon. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana yadda yake barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatun matan da suka daɗe suna shafa shi, baƙin da fitarsa ke da wuyar gaske. Ƙasar ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990, Gana ma ta bi sahu a 2016. A nan gida NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba, amma wa ke auna abin da aka dama a roba a tsakar gida? Na uku shi ne zaiba, ita ce ta fi ba ni tsoro. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa ta isa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono. Amaryar da kika gyara yau, baɗi war haka wataƙila tana da goyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan ƙara haske. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Mata sun fara jin tsoro, masu haɗi ma sun lura. Shi ya sa yanzu ba a cika cewa man bilicin ba, sai a ce na shinkafa, na karas, na kurkum. Sunan abinci ake ara a lulluɓe guba da shi. Wannan algus ne, kuma a garinmu da masallaci da coci ke maƙwabtaka, ban san ɗakin ibadar da aka halatta shi ba.

Na san matsin da kuke ciki. Uwar amarya ce za ta zo da kanta ta ce, “Ki fito min da ita, dangin ango farare ne.” Idan kin ƙi, akwai wata a bayan layi da za ta karɓi kuɗin. Ga samari suna ta faɗin fara ko mayya ce. Abin yana ƙona mini rai, don ƙasar nan tamu ce ta golmo, inda saurayin Dakarkari kan shafe shekara bakwai yana noma a gonar surukai saboda yarinyar da rana ta gasa tare da shi a kunya ɗaya. Babu wanda ya taɓa cewa sai ta canja launi kafin ya ɗauki fartanya. Ga kaɗanya Allah ya hore mana a dazukanmu, man da kamfanonin Turai ke saye su zuba a kwalba su dawo mana da shi da tsada. Da shi da sabulun salo da lalle da dilka mai kyau, kuna iya fito da baƙa da wankan tarwaɗa su yi sheƙi har a tsaya kallo. Na ga hakan a hannun da yawa daga cikinku.

Saboda haka ina roƙonku, kada ki shafa wa 'yar mutane abin da ba ki san haɗinsa ba, ko da 'yar uwarki ce ta kawo miki daga Kano ko Legas. Ki duba lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. Kowane sabon abu ki fara gwada kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana biyu. Idan mace ta zo miki da jan kumatu da jijiyoyi a waje, kada ki ɗora mata wani haɗin, kada kuma ki ce ta yanke man tub rana ɗaya bayan ta yi watanni a kansa, don fatar kan yi bore. Ki tura ta babban asibitin Zuru, idan abin ya yi nisa a miƙa ta ga likitocin fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

'Yar yayata har yau tana shan magani, kuma ba ta iya fita rana sai da laima. Idan wata uwar amarya ta tambaye ki ruwan shinkafa, ki jiƙa mata a gabanta, ki ce zai sanyaya mata fata, ba zai sa ta fari ba. Don Allah ku faɗa wa junanku, ku faɗa wa yaran da kuke koya wa sana'a.

Taku,
'yar uwarku a Zuru.