Shin Har Yanzu Gani Ya Kori Ji?

Fim jerin hotuna ne, 24 cikin kowace daƙiƙa. A da, mai son sauya launin riga a fim sai ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, kuskure kaɗan kuwa kan sa launin rawa, asiri ya tonu. A shekarar 2021, masanan Cibiyar Weizmann ta Isra'ila da kamfanin Adobe suka nuna yadda tsarin kwamfuta mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke shimfiɗe bidiyo tamkar taswira, a yi gyara sau ɗaya, ya bi dukkan hotunan daidai. Wannan sauƙi ne ga masu shirya fim, haka kuma ga maƙaryata. Saboda haka wajibi ne malamai su koya wa ɗalibai bin diddigin asalin bidiyo kafin su gaskata shi.